Wane duro ya kamata ka saya don ƙona sharar lambu?

Da zarar hunturu ya shigo Kaduna, busasshen ganyen mangwaro da na darbejiya kan cika tsakar gida, kuma cinna masa wuta a fili cikin wannan iska ganganci ne. Shi ya sa ake neman duron ƙarfe mai cin lita 200. Sai dai ba kowanne ne ya dace ba.

Ni dai nawa zaɓin shi ne mai buɗaɗɗen kai, wanda murfinsa ke fita gaba ɗaya idan an kwance zobensa. Kana leƙawa ka ga cikinsa tas, kuma ba sai an yanke masa kai ba. Kai shi Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe a Kaduna, mai walda ya huda ramuka kewaye da gindinsa, ya gitta rodi uku ko huɗu a ciki don shara ta zauna a kai, iska na shigowa ta ƙarƙashi. Ka ce ya huda ƙasan ma saboda ruwan sama, domin jiƙaƙƙiyar toka ita ke saurin cinye ƙarfe. A gida ka ɗora shi kan bulo, nesa da bango da wayar lantarki, ka sa ragar ƙarfe a baki ta tare tartsatsi. Wutar da ke samun iska daga ƙasa ci take yi sosai, hayaƙi kaɗan, maƙwabta ba su da abin cewa. Banda leda da taya, don Allah.

Wanda ake harhaɗawa da kwanon rufi asarar kuɗi ne: ba kauri, ga tutiyar jikinsa na fitar da hayaƙi mai cutarwa idan ta ji wuta. Rami kuwa, damina na zuwa ya zama kududdufi.

Inda nake jin tsoro shi ne duro mai rufaffen kai. Mai sayarwa zai rantse maka man gyaɗa aka zuba. Kwance murfin ka shinshina da kanka. Idan fetur ne ko tina, wato ruwan tsinka fenti, ko ya shekara a bushe tururin na iya zama a ciki, tartsatsi ɗaya daga injin yanka ƙarfe ya isa ya tarwatsa shi a fuskar mai aiki. Idan dole ne, a wanke, a cika shi da ruwa kafin a yanka. Wanda ya ɗauki maganin ƙwari ko sinadarin da ba ka sani ba, ko kyauta ne bar shi.

Sabon fenti ma abin zargi ne. An taɓa sayar mini da wani shuɗi mai ƙyalli a bakin titi, ashe tsatsa ta huda gindinsa, aka toshe da abin da masu gyaran jikin mota ke shafawa. Wutar farko ta zubar da toshin. Kifa duron, ka ƙwanƙwasa gindin da ƙarfe, ka bi shi da maganaɗisu. Duk inda ya ƙi kamawa sosai, toshi ne.