Lif mai ƙafa biyu ko mai ƙafa huɗu a garejin gida

Salam ɗan uwa, na ga tambayarka cewa kana so ka kafa lif na ɗaga mota a garejin gidanka, tsayin silin mita 3.3, kana da ƙaramar mota da jif, kuma ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin mai ƙafa biyu da mai ƙafa huɗu tunda kana son yin gyara da kanka sannan in da hali ka ajiye mota ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Toh gaskiya duk da dukkansu mota suke ɗagawa ba aiki ɗaya aka yi su domin shi ba.

Mai ƙafa biyu na gyara ne zalla. Hannuwa huɗu gare shi da suke shiga ƙarƙashin mota su tallafe ta a wuraren da kamfanin motar ya ware, tayoyi duk suna reto, ƙarƙashin motar a buɗe tun daga gaba har baya, ka ga birki, boris, shokozoba, sauke giyabos, canza kuloci, babu abin da zai tare maka hanya. Mai ƙafa huɗu kuwa hawa kake yi da motar kan wasu dogayen faranti guda biyu kamar ka hau gada, ka ja birkin hannu ka sa wa taya waigi ka danna ta tashi, shikenan. Juyen mai da aikin salansa da leƙa inda mai ke yoyo duk yana yi lafiya lau, amma motar a kan tayoyinta take zaune, ranar da ka tashi cire taya sai ka nemi jak ɗin nan mai zamewa tsakanin farantan, kuma yawanci daban ake sayar da shi. Wajen ajiya dai babu haɗi, mai huɗun ne, don ba a so a bar mota wata da watanni tana rataye a kan hannuwa.

Amma abin da nake so ka fi maida hankali a kai ba lif ɗin ba ne, daɓen garejinka ne, a nan ake rasa rai wallahi. Mai ƙafa huɗu nauyi a rabe yake kusurwa huɗu, da yawansu ma ba dole sai an kafe su ba, har akwai masu ƙananan tayoyi da za ka tura shi gefe in babu mota a kai. Mai ƙafa biyu ko, motar tana tsakiya tana jan ginshiƙan biyu su rusuna ciki, abin da ya hana su faɗuwa kawai kusoshin da aka dasa cikin kankare ne. Masu ƙera na tan 4 zuwa 4.5 yawanci suna neman kankare mai kaurin aƙalla inci 4, wato santimita 10, mai ƙarfin PSI 3,000 (PSI ma'aunin matsin da kankare ke iya jurewa ne), wanda ya yi kwana 28 da zubawa, kuma ba a kafa ginshiƙi kusa da tsagewa ko bakin daɓe. Tayil da ɗan simintin da aka shafe sama da shi ba sa cikin lissafi. Kar ka yarda da "ai mai kauri ne" daga bakin kowa, ka samo na'urar huda ka huda daidai inda ginshiƙan za su tsaya, za ka ga farar ƙurar siminti tana fitowa, da zarar bakin ya zurma ƙura ta koma yashi toh ƙarshen kankaren kenan, ka zura waya mai lanƙwasa ka auna. In bai kai ba sai a yanke wurin a haƙa a zuba sabon kankare da rodi a ɗaure shi da tsohon, yadda littafin lif ɗin ya ce, a jira kwana 28 ɗin nan cif. Kuma ranar kafawa in ana ɗaure noti aka ga kusa tana juyawa ko tana biyo shi sama, a tsaya da aikin.

Sai silin. Mai ƙafa biyu iri biyu ne, wanda ke da ƙarfe a gicciye ta sama yana son wajen mita 3.6 ko fiye, wannan ka cire shi a ranka. Wanda igiyoyinsa suka bi ta ƙasa aka rufe su da faranti ginshiƙansa ba su kai mita 3 ba, zai shiga. Ƙaramar mota mai tsayin mita 1.45 in ka ɗaga ta har ƙarƙashinta ya kai mita 1.8 daga daɓe rufinta zai tsaya wajen 3.1, ka tsira da kyar, amma jif mai kusan 1.9 ba za ta kai ƙarshe ba, a kan kujera mai taya za ka yi aikinta. Maganar jera mota ɗaya a sama ɗaya a ƙasa a lif mai ƙafa huɗu kuma ka haɗa tsayin motocin biyu, ka ƙara kamar santimita 30 na kaurin faranti da ɗan tashin da lif ke yi kafin ya saki makulli, 1.45 da 1.9 da 0.3 ya ba ka 3.65, ka ga jif ba ta shiga lissafin. Kuma in ƙofar garejin mai naɗewa sama ce ka auna daga ƙasanta tana buɗe, ba daga silin ba, haka fitila da fanka.

Wuta ba wani bambanci sosai, injin yawancinsu wajen kilowat 2.2 ne, a ja masa layinsa daban da bireka tasa.

Duk wanda ka saya, in yana tashi za ka ji ƙas ƙas ƙas, makullan ƙarfe ne ke kamawa, in ka kai inda kake so ka sauke shi ya zauna a kan makulli kafin ka shiga ƙasa, kar ka taɓa dogara da man haidrolik kaɗai. A mai ƙafa biyu ka fara ɗaga motar taƙi ɗaya ka girgiza ta da ƙarfi ka gani, sannan ka tuna tan 4 yana nufin tan 1 ne a kowane hannu, kuma da ka sauke giyabos ko inji nauyi ya koma gefe guda, dole ka tokare gaba da baya da dogayen sanduna na tallafi. Mai ƙafa huɗu ya fi yafiya a nan, shi dai igiyoyin ƙarfensa ake dubawa ko sun fara tsintsinkewa. Ka kuma nemi mai shaidar gwaji ta gaske, a Amurka tambarin ALI ne, wato cibiyar da ke tantance lif ɗin mota, mai ruwan zinare, a Turai alamar CE ta cika ƙa'idar tsaro bisa ƙa'idar lif ɗin mota mai lamba EN 1493.

Ni a ganina tunda jerawar ba za ta yiwu da jif ɗinka ba, kuma gyara kake so, ka ɗauki mai ƙafa biyu mai faranti a ƙasa, tan 4, in daɓe ya ci jarabawa ko ka shirya fasa shi. In gidan haya ne ko ba za ka iya taɓa daɓen ba toh mai huɗu da jak ɗinsa. Ka huda tukuna ka turo mana kaurin da ka samu da faɗin garejin, don shi ma ba ka faɗa ba kuma mai ƙafa biyu yana cin kusan mita 3.5 a faɗi.