Kurmin shaƙatawa na gefen Wurno: inuwa sai hamdala, kuɗin shiga kuma sai haƙuri

Masu tambayata kan kurmin nan da wasu 'yan gida ɗaya suka buɗe wa baƙi a bakin fadamar Rima, ga abin da na gani. Mun biya ta can ne bayan ziyarar hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837.

Inuwa kam ba a magana. A Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, kana shiga ƙarƙashin mangwaro da tsamiyar nan sai ka ji zufa ta ɗauke. Kakansu ne ya dasa, su kuma ba su sare sun yi gawayi ba. Wannan kaɗai ya isa a yaba musu. Aka shimfiɗa mana tabarmin kaba, uwargidan ta aiko da fura mai sanyin randa.

To, sai yara suka ce za su gangara wajen giginyun bakin ruwa. Nan wani dattijo ya tare mu da sanda, wai sai mun biya. Na ce, "Baba, ai mun biya a ƙofa," na nuna masa shaidar tura kuɗin a waya. Ko kallonta bai yi ba. "Wanga gefe nawa na. Wanda kuka ba kuɗi ɗan ƙanena na, can nasu ya tsaya." Ashe ba a raba gado ba, kowa ya ja iyakarsa da baki. Yaron da ya karɓi kuɗinmu ya zo, suka hau cacar baki a gaban iyalina, har da tone-tonen wanda ya sayar da albasar bara bai kawo lissafi ba. Ina ruwan baƙo? Na sake biya don kunya, ƙaramar 'yata ta riga ta fara kuka.

Da farko na yi niyyar cewa kowa ya je. Amma da na tuna babu makewayi na kirki ga mata, kuma furar da na ɗauka karamci ce ta fito a lissafi, sai na ja baya. Wanda zai je ya tambaya tun a ƙofa ko kuɗinsa ya kai bakin ruwa, kuma ya kamo hanyar gida kafin la'asar sakaliya.