Sun ceto mana saba a ƙarshen wata, amma har yau ina jiran takardar da suka yi alkawari

Ni ke kula da kwamfutoci a wani kamfanin dillancin taki da iri a Sabon Garin Zariya, muna da rassa a Funtuwa, Giwa da Saminaka. Rahotannin ciniki da na kayan sito duk da wata manhaja mai suna SAP BusinessObjects muke fitar da su. Wannan sharhi kuwa a kan kamfanin gyaran da muka ɗauko daga Kaduna ne. Ba zan kama suna ba, 'yan harkar sun san su, sun kuma san kuɗin da suke caji.

Ƙarshen watan Yuni abin ya faru, damina ta kankama, motocin taki sun yi layi tun daga bakin sito har titi. Rahoton da ke buɗewa kafin ka kurɓi shayi sau biyu, ranar nan sai ya tsaya yana ta juyi. Akawunmu ta rufe ta sake buɗewa har ta gaji. Alhaji ya leƙo ofishina da kansa, abin da bai saba yi ba, ya ce, "Malam, me ake ciki ne? Direbobi tun safe suke jira." Na ce, "Ranka ya daɗe, ina kai." Wallahi a lokacin ban san inda ciwon yake ba. Firosesar saba, wato babbar kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta, ta cika maƙil, fanka na kuka kamar injin markaɗe. Na zargi intanet, na zargi ƙwayar cuta, na kashe na kunna sau uku. In na kunna sai ta yi lafiya na ɗan lokaci, can kuma ta koma gidan jiya.

Washegari injiniyansu ya iso wajen ƙarfe goma, yaro ne matashi, jaka ɗaya a kafaɗa. Gaskiya da na gan shi raina bai kwanta ba. Bai taɓa waya ko ɗaya ba, bai ce a sayo komai ba. Ya ja kujera, ya shiga CMC, wato shafin gudanar da manhajar, ya buɗe saitin Platform Search, wato sashen binciken rahotanni, ya yi shiru yana dubawa. Sai ya juyo ya ce, "Yallaɓai, wa ya saita muku binciken nan?" Na ce waɗanda suka kafa mana manhajar tun farko. Ya girgiza kai kawai.

Ga abin da ya nuna mini, kuma shi ne ya sa nake ganin kuɗinmu bai tafi a banza ba. Akwatin binciken da ma'aikata ke rubuta suna a ciki ba ya bin rahotanni ɗaya bayan ɗaya a lokacin da aka tambaye shi. Fihirisa yake dubawa, irin wadda ke bayan manyan littattafai, an kuma gina ta da wata manhajar bincike mai suna Apache Lucene. Kafin fihirisar ta samu sai wani ya zauna ya karanta takardun ya jera kalmomin. Mataki uku ne ake zaɓa: ko a ɗauki suna da bayanin sama kawai, ko a haɗa da bayanan tsarin takardar, ko a karanta duk abin da ke cikinta. Namu an ɗora shi a kan na ukun, an kuma bar shi yana zagaye ba dare ba rana. Ga shi muna da rahotannin da ke fita da kansu kowace safiya, kowanne yana barin kwafi, shekara da shekaru ba wanda ya share. Kowane kwafin Web Intelligence, wato wani nau'in rahoto na manhajar, sai an buɗe shi a injin da akawu ke jira ya buɗe mata nata. Ashe layi ɗaya suke bi. Ƙari a kan haka, hidimar binciken tana cunkushe da sauran hidimomi a cikin gurbi guda ɗaya da ake kira Adaptive Processing Server, suna wawason ma'adana ɗaya, wato RAM.

Ya dakatar da aikin fihirisar nan take. Ina tsaye a bayansa na ga layin firosesa ya sauko, fanka ta yi shiru. Akawu ta ɗaga murya daga ofishinta, "Ya buɗe!" Har yanzu in na tuna sai in ji sanyi a raina. Daga nan ya ware wa binciken nasa gurbin daban da nasa kason ma'adanar, ya mayar da matakin zuwa na farko, ya cire Word da PowerPoint daga abin da ake bi tunda ba ma neman su, ya sa iyaka a kan yawan kwafin da kowane rahoto zai ajiye. Zagayen ya mayar da shi na jadawali, ƙarfe ɗaya na dare. Ranar Asabar ya sake gina fihirisar daga tushe. Da a ranar na rubuta wannan, da yabo zalla za ku karanta.

Sai dai ƙarfe ɗaya na daren nan. Bai tambaye ni yadda wutarmu take ba, kuma tambayar farko ke nan da ya kamata mai aiki a Zariya ya yi. Janareta ana kashe shi da an tashi aiki, inbata kuma in ba a kawo wuta ba ba ta kai tsakar dare. Kwana da kwanaki saba na mutuwa kafin lokacin ya yi. Sababbin rahotanni suka daina fitowa a bincike, manajan Funtuwa ya kira ni yana cewa an goge masa aiki, alhali aikin yana nan, fihirisa ce ba ta san da shi ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne na akawu. Da can takan rubuta sunan dila, duk rahoton da sunan ke ciki ya fito. Da aka sauke matakin wannan ya tafi, sai sunan rahoto kaɗai ake samu. Na yarda sai an sadaukar da wani abu kafin saba ta numfasa, amma ai sai a faɗa mini in shirya mutanena. Baiwar Allah nan ta yi kwana biyu tana zaton ita ce ta manta yadda ake yi.

Na kira ofishinsu sau biyar. Na farko aka ce injiniya yana Abuja, na biyu aka ce zai kira, bai kira ba. A na ƙarshe wata ta ce mini sauya jadawali sabon aiki ne, sai an buɗe sabon biya. Aikin da bai kai minti goma ba! Takardar da ke lissafa duk abin da aka sauya kuwa, wadda ke cikin yarjejeniyarmu, ba su aiko ba.

Da abin da na gani yana yi na lallaɓa na mayar da zagayen ƙarfe biyar da rabi na yamma, na roƙi Alhaji a bar janareta ya ƙara awa ɗaya, ya amince. Juma'a kuma ina sa zagayen ya yi lokacin da kowa ya tafi masallaci. Yaron ya san aikinsa, ko gobe ya zo zan ba shi kujerata. Kamfanin nasu kuwa, ragowar kuɗinsu na nan a hannun akawu, ranar da takardar ta iso ranar za a sa hannu.