Lovely Complex ko Ao Haru Ride: wanne ne labarin aminan da suka koma masoya?

Ƙanwata, ɗauki Lovely Complex, ki bar ɗayan sai wani jiƙon. A cikin manga biyun da kika ambata, wato littattafan labarin zane na Japan, shi kaɗai ne labarin abotar da ta rikiɗe ta zama so.

Aya Nakahara ce ta zana shi, ya riƙa fitowa a mujallar 'yan mata ta Bessatsu Margaret a Japan daga 2001 zuwa 2006, littafi 17. Risa zanƙaleliya ce, santimita 172, Otani kuwa ɗan dukurkur, 156, ajinsu ɗaya a wata sakandare a Osaka. Kullum cikin tsokanar juna suke kamar taubasai, har aka laƙaba musu sunan wasu 'yan barkwanci biyu, dogo da gajere. Da fari ma kowa da inda zuciyarsa ta karkata, suka haɗa baki za su taimaki juna, sai waɗanda suke so ɗin su biyu suka daidaita a tsakaninsu. Risa da Otani suka tashi a tutar babu.

Abin da ya sa nake ji da shi, marubuciyar ba ta yi gaggawa ba. Risa ce ta fara kamuwa, ta daɗe tana musu da zuciyarta. Da ta daure ta furta, gogan naki bai ma gane ba, ya ɗauka irin wasan da suka saba ne. Da ya gane kuma ya ce shi dai bai iya kallonta a matsayin budurwa. To ga aji ɗaya, ga ƙawaye ɗaya, ga mawaƙi ɗaya da suke mutuwar so su biyu, ina za ta sa kanta? Nan daɗin labarin yake. 'Yar yayata da ta zo mana hutu ta ɗauki na farko don hotuna kawai. Cikin dare sai ƙyalƙyalarta muke ji daga ɗaki, da safe kuma ta fito ido jawur tana cewa, "Anti, wallahi yaron nan ba shi da kirki." Har yau guda biyu na wurinta, ta ƙi dawo da su.

Ao Haru Ride na Io Sakisaka, littafi 13, zanensa ya fi kyau, wannan ba musu. Amma Futaba da Kou tun ƙaramar sakandare suke son juna, rabuwa suka yi suka sake haɗuwa, babu wata abota a ciki. Kou kuma jan aji har ya gundure ni. Nawa na cikin kwali.

Ki yi hattara da masu sayarwa ta intanet. Wani zai ɗora hoton na asali ya aiko miki da fotokwafi mai dishi-dishi, wani ya turo na Japananci, wani ya ce cikakke ne alhali babu na tsakiya. Lovely Complex na Turanci kamfanin Viz ne ya buga, kuma sunan da ke bangon Love Com ne. Ki sa a yi miki bidiyo ana buɗa shafuka, ki ƙirga lambobin da ke gefen bango, kada ki tura kuɗi duka sai kaya sun iso. Idan kin ga ana farawa daga dama kamar littafin Larabci, haka ake karanta shi, ba matsalar bugu ba ce.

In kuɗin bai cika ba tukuna, akwai katun ɗinsa na 2007, kashi 24, ki fara da shi.