Afrilu ko ƙarshen Agusta: yaushe ya fi dacewa a kai iyali karkarar Yorkshire ta Arewa?

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Kin ce kina zaune a Leeds, Hajiyarku za ta zo ganin jikoki, kuma hutun mako guda kawai za ki samu: ko dai na Ista a watan Afrilu, ko makon ƙarshe na Agusta kafin yara su koma makaranta. Kina son ki fitar da su daga birni su ga karkarar gundumar Yorkshire ta Arewa, kina tambaya wanne lokacin ya fi. Ni dai da ni ce, Agusta zan ɗauka. Afrilu ma yana da nasa, kuma akwai halin da zai sa ya fi miki, don haka bari in jera miki su ki auna da kanki.

Wannan gunduma ita ce mafi faɗi a duk Ingila, ta haura murabba'in kilomita 8,000, kuma manyan gandaye biyu na ƙasa suna cikinta: North York Moors da aka keɓe a 1952 ta wajen gabas kusa da teku, da mafi yawan Yorkshire Dales da aka keɓe a 1954 ta wajen yamma. Ƙasar makiyaya ce. Tunkiya ce ke tsara musu shekara: lokacin haihuwarta, lokacin askinta, lokacin nuna ta a fili, lokacin sayar da ita. A Afrilu mutanen suna cikin aiki ba dare ba rana, ba su da lokacin baƙo. A ƙarshen Agusta sun yanke ciyawa sun adana, sun samu sarari, sai su fito taro. Wannan shi ne babban bambancin, sauran duk a kansa suka rataya.

Batun haske kusan kunnen doki ne. Tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta tazararsu ɗaya da ranar da ta fi kowace tsawo a watan Yuni, don haka a dukkansu rana kan faɗi wajen ƙarfe 8 na yamma. Ɗumi ne ya bambanta. A Afrilu da rana yakan tsaya wajen digiri 12 a ƙasa-ƙasa, a kan tudu kuwa iska na yankan kunne, da asuba har ƙanƙara kan kwanta a ciyawa. A Agusta yakan kai wajen digiri 20. Ga tsohuwar da ta sauko daga jirgi ba ta saba da sanyin nan ba, wannan tazara ba ƙarama ba ce. Sai dai kada ki ɗauka Agusta ba ruwa; sau da yawa ma Afrilu ya fi shi bushewa. Rigar ruwa da takalmin da ba ya tsoron laka dole ne a duka biyun.

Abin da Afrilu ya fi da shi shi ne 'ya'yan tumaki. Duk filin da kika duba cikin kwari za ki gan su, wasu kwana biyu da haihuwa, ƙafafu na rawa, an shafa musu lamba da fenti a haƙarƙari iri ɗaya da ta uwarsu don kada a rikita. Da yamma sukan haɗu gungu-gungu su yi ta tsere a gefen katanga. Yara ba sa gajiya da kallonsu. Amma kallo ne daga bayan katanga, sai fa a gonakin da suka buɗe ƙofa musamman don baƙi. Kuma hukumomin lafiya a Birtaniya suna gargaɗin mai ciki da ta guji kusantar tumaki masu haihuwa da jariransu, saboda ƙwayoyin cutar da kan yi wa ciki lahani. Idan akwai mai juna biyu a tafiyar, ki riƙe wannan da muhimmanci. Yaran kuma su wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa dabba.

Na biyu shi ne furannin daffodil na kwarin Farndale, ruwan ɗorawa, da ke fitowa da kansu a bakin kogin Dove. Hanyar ƙafa daga Low Mill zuwa Church Houses da dawowa kimanin mil 3 da rabi ce, kuma ba ta da hawa mai wahala, don haka Hajiya za ta iya yin wani sashe ta juyo. An hana tsinkar furen. Matsalar ita ce lokacinsa daga tsakiyar Maris ne zuwa tsakiyar Afrilu, ita kuwa Ista tana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Shekarar da ta zo a makare, ko aka yi ɗumi da wuri, sai ku tarar furen ya yi yaushi. Banda waɗannan, akwai gonakin irin mai da ke zama rawaya fal a filayen da ke kewaye da York wajen ƙarshen wata. Taron mutanen gari kuwa kaɗan ne. A Afrilu ƙasar za ki gani, masu ita suna rumfar tumaki.

Makon ƙarshe na Agusta shi ne tsakiyar lokacin bajekolin dabbobi da amfanin gona na ƙauyuka. Litinin ta ƙarshe a watan hutun gwamnati ce a Ingila, kuma tarukan sun taru a kewayenta. Asabar da ke gabanta ake yin na Wensleydale a garin Leyburn da kuma na Malham. Talatar da ke bayanta ake yin na Kilnsey a kwarin Wharfe, wanda aka fara tun 1897, a wani fili da ke gindin ƙaton dutse mai leƙowa kamar zai faɗo. Idan guda ɗaya za ku iya zuwa, ki kai su Kilnsey.

Ki tsaya da su a wurin alƙalancin tumaki, nan ne zuciyar taron. Irin da ya fi yawa a tuddan shi ne Swaledale: baƙar fuska, fari a hanci da kewayen ido, ƙaho a murɗe. Kan ragonsa ne ma tambarin gandun Dales. Masu su sun yi kwanaki suna wanke su suna gyara musu gashi. Za a jera su, kowane mai riƙo ya durƙusa ya tallafi haɓar tasa. Alƙali ya zo ya buɗe baki ya duba haƙora, ya danna gadon baya, ya buɗa gashin da yatsu, ya ja baya ya sa a sake ta ta yi tafiya ya ga ƙafafu. Ba ya gaggawa, kuma kusan ba wanda ke magana. Can sai ya miƙa wa ɗaya jan ƙyalle mai kama da fure, alamar na ɗaya ke nan a can, shuɗi kuma na biyu. Wannan ƙyallen ba ado ba ne kawai, yana ƙara wa ragon daraja idan lokacin gwanjo ya zo cikin kaka. Duk wanda ya taɓa kiwo zai gane abin da ake dubawa ba tare da an fassara masa ba, shi ya sa nake ganin Hajiya za ta fi jin daɗin wannan fiye da kowane gidan tarihi.

A wani gefen filin ana gasar karnukan kiwo. Makiyayi na tsaye wuri guda da sandarsa, kare baƙi da fari yana can nesa, da fito kawai ake ba shi umarni: ya zagaya dama, ya kwanta, ya taso a hankali, har ya shigar da 'yan tumaki cikin ɗan shinge. Akwai gasar gina katangar dutse ba siminti ba laka, irin katangun da suka yanyanka duk kwarurukan. A rushe wani sashe da safe, mutum ya sake ɗora shi kafin la'asar. Akwai tseren hawa dutsen nan da saukowa, manya da yara kowa da rukuninsa, saukowar ce ke sa mutane riƙe numfashi. Cikin tantuna kuma an baje kek, zuma, albasa da kabeji manya-manya, sandunan kiwo masu kan ƙaho da aka sassaƙa da hannu, har da zanen 'yan firamare, kowanne da katin sakamakonsa a gefe. Abin da ya fi burge ni a irin waɗannan taruka shi ne ba don 'yan yawon buɗe ido aka shirya su ba. Ko baƙo bai zo ba za a yi, domin na mutanen kwarin ne.

Ta fuskar kyan ƙasa ma Agusta ba ya jin kunya. Tuddan North York Moors marasa itatuwa suna lulluɓe da wani gajeren tsiro da suke kira heather. A Afrilu launinsa ƙasa-ƙasa ne, ba ya ɗaukar ido. Daga tsakiyar Agusta zuwa farkon Satumba sai ya yi fure, tudu bayan tudu ya koma shunayya iya ganinki. Wannan ba ya bukatar tafiyar ƙafa. Daga cikin mota a kan hanyar Pickering zuwa Whitby za a gan shi, abin da ya dace da mai ciwon gwiwa. Idan yara sun shiga cikin ciyayi, ki duba musu ƙafafu da bayan gwiwa da dare saboda kaska. Lokacin harbin tsuntsayen tudu ma yana farawa 12 ga Agusta, to idan kun ga alamar an rufe wani sashe, ku bi wata hanyar.

Akwai tarukan da duka makonnin biyu ba za su kama ba. Babban bajekolin Yorkshire na Harrogate, wanda aka fara a York a 1838, cikin Yuli ake yinsa, kwana huɗu, mutane fiye da 100,000. Kada ki damu da rasa shi. Girmansa yana gajiyar da tsofaffi da ƙananan yara. Gasar 'ya'yan itacen gooseberry ta Egton Bridge, wadda ƙungiyarta ta kafu a 1800, Talatar farko ce ta Agusta. Bajekolin ƙauyen Muker Larabar farko ce ta Satumba. Bikin tumaki na Masham kuwa a ƙarshen mako yake faɗawa wajen ƙarshen Satumba, don haka idan Hajiya tana nan har lokacin, tafiyar yini guda ce daga Leeds.

Inda Agusta ya gaza shi ne cunkoso da tsada. Duk ƙasar tana hutu, gidajen haya na kwana-kwana sukan cika watanni kafin lokaci, kuma kuɗinsu ya fi na kowane lokaci. Whitby a ƙarshen makon hutun nan, samun wurin ajiye mota kaɗai aiki ne. Hanyoyin kwari ƙanana ne, wasu mota ɗaya suke ɗauka, sai an raɓe a wuraren da aka tanada don wucewa, ga taraktoci na kwasar girbi. Hutun Ista ma yana da jama'arsa, amma bai kai haka ba. Dabarar ita ce ku je bakin teku a tsakiyar mako, ku fita da sassafe. Su kuma matakala 199 da ke hawa zuwa kangon tsohon gidan ibadar Whitby, a bar wa yara. Akwai hanyar mota da ke kaiwa sama.

Wasu abubuwan kuwa ba ruwansu da wata. Jirgin ƙasa daga Leeds zuwa Carlisle ta Settle, layin da aka buɗe wa fasinja sashensa na Settle zuwa Carlisle a 1876, yana hawa gadar Ribblehead mai ƙofofi 24, kuma akwai tasha a kusa da ita. Tsohon jirgi mai kwal da hayaƙi yana zirga-zirga daga Pickering ya ratsa tuddai, wasu har Whitby. Kangon tsohon gidan ibada na Fountains kusa da Ripon, wanda aka kafa a 1132 kuma UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1986, yana da shimfiɗaɗɗun hanyoyi da barewa a sake. A dandalin kasuwar Ripon kuma kullum ƙarfe 9 na dare ana busa ƙaho a kusurwoyi huɗu na hasumiyar da ke tsakiya, kyauta ne kallo.

Abinci ki tafi da naki. A filin bajekoli naman alade ya yi yawa, akwai kuma tantin giya. Kifi da dankali na bakin teku ma ki tambaya kafin ki saya, don shaguna da dama a Yorkshire da kitsen shanu suke suya, wasu kuma suna zuba giya a ƙullin da ake tsoma kifin. Ƙananan ƙauyukan ba su da masallaci, a sa darduma a mota. Ki riƙe tsabar fam kaɗan: sabis ɗin waya yana ɗaukewa a cikin kwari, kuma a bakin wasu gonaki za ki ga ƙwai ko zuma a kan tebur da ɗan akwati, ba mai tsaro, ki ɗauka ki jefa kuɗin.

Afrilu zai fi miki idan Hajiya ba ta son hayaniya, ko kuɗin masauki ya yi nauyi, ko Ista ta zo da wuri yadda za ku kama Farndale. In ba haka ba, ki nemi masauki wajen Skipton ko Grassington na kwanakin da suka kewaye Litinin ɗin hutu, daga nan Malham da Kilnsey duk kusa ne, sannan ki ware Laraba da Alhamis da ke bayan Kilnsey don tuddan North York Moors da Whitby. Motocin haya na ƙauye ba su da yawa, musamman da yamma, don haka idan ba ku da mota gara ki yi hayar ɗaya na makon. Kafin ki biya kuɗin ɗaki, ki duba ranakun bana a shafin kowane bajekoli, don wani lokacin Talatar Kilnsey takan faɗa 1 ga Satumba, ki tabbatar ba ta ci karo da komawar yara makaranta ba.