Yaya, ga bayanin boilan da ka tambaya

Salam Yaya, ya gida ya su Inna, ya sanyi. Ka ce in maka bayanin wannan boilan da kullum nake ambata a waya, to bari in zauna in rubuto maka a tsanake don magana ce mai ɗan tsawo.

Nan Ingila yawancin gidaje ba a sayen gas a silinda kaman yanda muke yi a Kano, ta bututu yake shigowa daga ƙarƙashin ƙasa kaman ruwan famfo, akwai mita, ƙarshen wata a turo maka bil. Shi boila wani akwati ne fari maƙale a bangon kicin, yana ƙona gas ɗin ya dafa ruwa, ruwan ya zagaya ta cikin wasu faffaɗan ƙarafa da ke jikin bangon kowane ɗaki ya ɗumama gidan, kuma shi ne dai ke ba da ruwan zafin wanka da na alwala. Namu Worcester Bosch ne, wasu gidajen Vaillant ko Baxi ko Ideal. Ranar da ya tsaya a watan Janairu wallahi gida baya zaunuwa, musamman in da yara, don sanyin nan ba irin na hunturun mu bane da rana na fitowa ya sake ka, wuni yake ya kwana.

Abin da ya fi bani mamaki shine ba kowa ke taɓa shi ba. A gida in risho ko janareto ya lalace ka leƙa bakin titi ka kira mai gyara, kafin la'asar ya gama, ku daidaita, wani lokacin ma ya ce ka bari sai ka samu. Nan doka ce, duk wanda zai buɗe boila ya yi aikin gas sai yana cikin rajistar da ake kira Gas Safe, wadda ta maye gurbin tsohuwar rajistar CORGI a 2009. Kowannen su yana da kati mai hotonsa da lamba, a bayan katin an rubuta irin aikin da aka yarda ya yi, don wanda ya iya boila ba lallai an bashi izinin murhun girki ba. Kana da damar ka ce nuna min katinka kuma ba zai ji haushi ba, har lambar zaka iya sawa a intanet ka tabbatar. Duk shekara 5 sai sun sake jarrabawa. Wanda aka kama yana yi babu rajista kotu ake kai shi, akwai waɗanda aka ɗaure.

Mu da muke haya nauyin yana kan mai gidan. Dokar 1998 ta wajabta masa duk shekara ya kawo injiniya ya duba kayan gas, ya bamu kwafin takardar binciken cikin kwana 28. Injiniyan zai zo da wata na'ura ya zura ta a bututun hayaƙi ya auna abin da ke fita, ya duba ko akwai yoyo, ya kalli wutar, in shuɗiya ce lafiya, in ta koma rawaya tana lilo to akwai matsala. Baya wuce awa ɗaya. Waɗanda ke zaune a gidan kansu ba haya ba su suke biyan sabis ɗin boila, wajen fam 80 zuwa 120, kuma in ka tsallake shekara kamfani na iya soke garantin da ya baka, wanda wasu har shekara 10 ne.

Amma fa kar ka ɗauka komai daɗi ne. Tsada Yaya, tsada. Kafin mutum ya ɗauko sukundireba kuɗin zuwansa kaɗai ya kama, kuma da sanyi ya shigo kowa nemansu yake, sai a baka rana kana zaune da bargo kana dafa ruwa a buta. Sannan gaskiya ba gyara suke ba irin wanda muka sani, canji suke. Allon lantarkin ciki in ya mutu ba mai zama ya nemo ɗan abin da ya ƙone ya liƙa wani, a cire a jefar a sa sabo fam 200 ko fiye. In boilan ya haura shekara 12 ko 15 kuwa kai tsaye za a ce maka sayi sabo, da sawa da komai fam 2,000 zuwa 3,000. Duk lokacin da na ga haka sai yaran Farm Centre masu gyaran waya su faɗo min a rai, da masu naɗin koyil, wallahi a basira da haƙuri masu gyaran mu sun fi su nesa ba kusa ba. Da za a basu horo da kayan awo irin na nan da ba a kama ƙafarsu.

Akwai 'yan abubuwan da aka yarda ka yi da kanka. Agogon fresha, wato mai nuna ƙarfin ruwan da ke cikin boilan, ya kamata ya tsaya tsakanin 1 da 1.5 in boilan yayi sanyi, in ya sauka ka buɗe ɗan famfon ƙasa ka ƙara ruwa. In ƙarfen ɗaki ya yi zafi a ƙasa sama sanyi iska ce ta taru, akwai ɗan makulli da ake sace ta da shi. Sai wani siririn bututun roba da ke fitar da ruwa waje, in ƙanƙara tayi yawa yana daskarewa boila ya tsaya cak, a sanyin 2018 gidaje da yawa haka ta same su, maganin kawai ka zuba masa ruwan ɗumi. Iyakar ka kenan, murfin baka buɗe shi.

Ni dai a kan gas na yarda da tsaurin su, ko da tsadar. Ka tuna abin da ya faru a Sabon Tasha a Kaduna farkon 2020, shagon ɗura gas ya fashe mutane suka rasu har da farfesa shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. Shago a tsakiyar jama'a, silinda duk tsatsa, tiyo ya tsage a naɗe shi da roba, kuma ba wanda zai zo ya tambaya. Yanzu ga bututun AKK ana ja daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, in Allah ya sa ya iso gas zai ƙara yawa a garin, to wa zai riƙe sunayen masu haɗawa, wa za a kama in an yi ganganci? Wannan shi ke damuna.

Sai maganar iskar nan mai guba, carbon monoxide, da ba ta da wari ba ta da launi, wadda ke fita in wuta bata ci da kyau ba. Ita ce dai ke kashe mutane a gida in an kwana da janareto a soro ko an shiga ɗaki da kaskon gawayi an rufe ƙofa da taga, a wayi gari a ce iyali guda sun tafi, wasu ma su ce aljanu ne ko guba aka sa musu a abinci. Alamar ta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Nan tun Oktoban 2022 dole mai gidan haya ya sa ƙararrawar da ke jin ta a inda boila yake. Ƴar ƙarama ce, wajen fam 20, da batir take aiki ba ruwanta da NEPA, kuma tana kai shekara 7 zuwa 10.

Zan bayar da guda biyu a kawo maku in an samu mai tahowa, ɗaya a ɗakin Inna tunda bata rabuwa da kasko in sanyi ya kama, ɗaya ɓangaren ku kusa da inda janareto yake. A maƙala ta a bango sama-sama, kar a sa ta cikin durowa, a riƙa danna maɓallin gwaji lokaci-lokaci. Amma dan Allah ka gaya wa Anti wannan ba ta jin yoyon gas na silinda, shi da hanci ake gane shi, kuma gas ɗin silinda ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. In ta ji wari ta rufe kan silindar ta buɗe ƙofa da taga, kar a kunna fitila kar a kyasta ashana, a shafa ruwan omo a jikin tiyon a ga inda yake kumfa. Tiyon nan na kicin da na gani a hoto ma a canja shi cikin satin nan, zan turo kuɗin.