Gargaɗi ga mutanen Gusau kan masu yawo da na'urar "gwajin iskar ɗaki"

Jama'ar Gusau da kewaye, musamman iyayenmu mata da ke wuni a gida, a yi hattara. Tun da damina ta kankama wasu samari ke bin unguwanni gida-gida, sanye da riga mai ƙyalli irin ta ma'aikatan hanya, da kati rataye a wuya, suna cewa an turo su gwada iskar ɗakuna saboda funfunar da danshi ke haifarwa. Gwajin farko kyauta ne, in ji su. Kuɗin daga baya yake zuwa, kuma ba kaɗan ba. Na ji labarinsu daga Tudun Wada, na ji daga Samaru, kafin su faɗa gidan gwaggota su raba ta da kuɗin adashen da ta kwasa. Ni malamin kimiyyar halittu ne a makarantar sakandare, funfuna tana cikin abin da nake koyarwa, don haka na ga ya zama wajibi in bayyana yadda wannan damfara take tafiya.

Da hantsi suke zuwa, lokacin da maza suka fita nema. Sai su aika yaro ya yi musu iso, su ce daga "ƙungiyar lafiya" suke, ba tare da sun faɗi sunanta ba. In matar gida ta nuna shakka, kalma ɗaya suke jefawa: guba. "Hajiya, kin dai tuna abin da ya faru a Anka da Bukkuyum. Shi ma ba a ganinsa da ido."

Wannan ne ya fi ƙona mini rai a cikin lamarin. Babu ɗan Zamfara mai hankalin kansa da ya manta 2010, shekarar da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su 'Yargalma da Dareta, saboda ana niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, kuma da wannan tsoron mutanen nan suke cin abinci. Amma a tuna yadda aka yi wancan aikin. Likitocin ƙungiyar agajin lafiya ta ƙasa da ƙasa, MSF, jinin yara suka riƙa ɗiba suna aunawa. Masu aikin share guba ƙasar tsakar gida suka auna, suka kwashe gurɓatacciyar suka zuba sabuwa, har aka kai ga Bagega a 2013. Da sanin hakimai da dagatai aka yi, kuma ba a bi mata ɗaki ana karɓar kuɗin gwaji ba. Dalma daban, funfuna daban. Duk wanda ya haɗa muku su a magana ɗaya, ko bai san aikin ba, ko ya sani yana so ya firgita ku.

Ranar da suka koma gidan gwaggo karɓar cikon kuɗi ta kira ni, na kuwa roƙe su su maimaita gwajin a gabana. Na'urar 'yar ƙarama ce, ba ta fi wayar hannu girma ba, tana da allo mai nuna lambobi da fitila mai sauya launi. Saurayin ya fara kunna ta a tsakar gida, ta nuna kore. Ya ce, "Ka gani, Malam, nan lafiya lau." Da muka zo bakin ƙofar ɗaki sai ya zaro kwalbar man tsabtace hannu daga aljihu, irin wanda aka yi yayi lokacin korona, ya mulke hannuwansa biyu, wai ƙa'idar aiki ce. Ya ɗauki na'urar da hannun nan mai laima, ya kai ta jikin bango. Nan take lambobi suka haura, fitila ta koma ja, ta fara ƙara. Gwaggo ta dafe ƙirji tana salati. Na ce ya ba ni in riƙe da kaina, mu koma tsakar gida, ya sake shafa man ya kawo hannunsa kusa. Ya ce doka ta hana wanda ba ma'aikaci ba taɓa kayan aiki.

Irin waɗannan na'urori ana sayar da su a intanet, kuma abin da suke ji shi ne tururin sinadarai masu tashi a iska da ƙananan ɓurɓushin hayaƙi da ƙura. Sinadarin da ke cikin man hannu yana tayar da su. Turare yana tayar da su, haka sabon fenti, haka maganin sauro. To wane ɗakin macen Bahaushiya ne babu turaren wuta ko humra? Ko ba a yi dabarar man hannu ba, kaskon turaren da aka sa da safe ya isa ya sa ta yi ja. Na'urar ba ta san funfuna ba, ba ta iya ƙirga ƙwayoyinta, balle ta faɗi ko mai cutarwa ce.

Dabara ta biyu ta fi kama hankali, domin ido ne ke gani. Suna ajiye wani ɗan faranti na roba mai murfi, da wani abu mai kama da daskararren koko a ciki, su bar shi buɗe na ɗan lokaci, su rufe su tafi da shi "ɗakin gwaji". Bayan kwanaki sai su dawo da shi ya yi tabo-tabo, baƙi da kore da fari mai gashi-gashi, su ce ga abin da 'ya'yanki ke shaƙa. Wallahi duk wanda bai san kan abin ba sai hantarsa ta kaɗa. Gaskiyar magana, ƙwayoyin funfuna suna cikin iska ko'ina, ciki da waje, rani da damina. Abin da ke cikin farantin abinci ne da aka haɗa musamman don su tsiro. A buɗe shi a masallaci, a ofishin gwamna, ko a tsakiyar fili, sakamakon ɗaya ne. Muna yin makamancin wannan da ɗalibai da gutsuren burodi mai laima a cikin leda. Farantin da ya tsiro bai ce komai a kan ɗakinki ba.

Daga nan sai farashi. Kuɗin ɗakin gwaji daban, kuɗin feshi daban, ɗaki-ɗaki ake lissafawa, kuma a asusun wani mutum ake turawa, ba rasit. Abin da suka fesa a ɗakin gwaggo warin fiya-fiya yake yi, har jikarta ta kwana tana tari da hawaye. Fiya-fiya maganin ƙwari ne, ba ya kashe funfuna, kuma shi kansa guba ne ga mai shaƙarsa a rufaffen ɗaki. Hukumar NAFDAC tun 2019 ta taƙaita sayar da irin wannan sinadari a kasuwanni saboda haɗarinsa. Ke nan an biya kuɗi an sayo ainihin gurɓatar iskar da aka ce an zo magancewa.

Kada a fahimce ni a karkace. Funfuna a ɗaki ba abin wasa ba ce. Tana tayar da asma, tana kawo atishawa, toshewar hanci, tari da ƙaiƙayin ido, ta fi kuma tsanani ga yara, tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan danshi da funfuna a 2009, kuma abin da ta nanata shi ne a hana danshi zama a gini. Ba ta sa wata lamba da za a ce daga nan iska ta zama haɗari ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ba ta ba da shawarar a riƙa gwajin funfuna haka kawai ba. Dalilinta a fili yake: ko wace iri ce, in ka gan ta ko ka ji warinta, cire ta za ka yi, ka toshe inda ruwa ke shigowa. Akwai ƙwararrun gaske masu ɗibar iska da famfo na musamman, su ɗibi ta ciki da ta waje su kwatanta a madubin ƙara girma, amma su ma bincikensu daga neman hanyar ruwa yake farawa, kuma ba sa ƙwanƙwasa ƙofar wanda bai kira su ba.

Mutanen nan ko sau ɗaya ba su ɗaga kai sun dubi rufi ba. Da muka janye sif ɗin gwaggo daga jikin bango, ga baƙin tabo ya bi kusurwa tun daga silin har ƙasa, bayan sif ɗin ya yi laushi, ledar ɗaki kuwa da aka ɗaga ƙarƙashinta jiƙe yake sharkaf. Muka zagaya waje, sai ga indararo ya karye, duk ruwan saman kwano a jikin bangon yake sauka tun farkon damina. Magini ya zo ya dube shi, kuɗin gyaran bai kai rabin abin da aka karɓe mata ba. Ciwon ke nan, maganin ke nan, kuma babu na'urar da ake buƙata kafin a gan shi.

Wanda ya ga irin wannan a gidansa, ya fara da ruwan: kwano mai yoyo, indararo, kwatar da ke kwance a gindin bango, famfon banɗaki mai ɗiga, ko bangon maƙwabci da ke zubo masa ruwa. Abin da ya jiƙe a fitar da shi rana cikin kwana ɗaya zuwa biyu, domin bayan haka funfuna ke kamawa. Katifa ko kafet ko silin da ta riga ta cinye, haƙuri za a yi a rabu da su. Bango da daɓe a wanke da ruwa da sabulu a goge da buroshi, a bar su su bushe sarai. In za a sa ruwan bilic, kada ya wuce kofi ɗaya a cikin kusan lita 4 na ruwa, a buɗe taga, a sa safar hannu da takunkumi, a fitar da yara da masu asma, kuma kada a kuskura a gauraya shi da wani sinadarin wanki. Shafa fenti a kan tabon ɓata kuɗi ne, zai ɓamɓare ta sake fitowa. A riƙa barin tazara tsakanin kayan ɗaki da bango, a buɗe tagogi duk ranar da rana ta fito. Wani abin ma da ake gani fari a ƙasan bango kamar kanwa ba funfuna ba ne, gishirin da ruwa ke fitowa da shi ne daga bulo. In aka kankaro aka zuba a ruwa narkewa yake yi. Shi ma dai alama ce cewa bango na shan ruwa daga ƙasa.

In da gaske lafiyar numfashinmu ce ta dame su, da sun yi magana kan janareta. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe iyali guda a cikin barci in aka kunna shi a zaure ko a bakin taga. Da sun yi magana kan kaskon gawayi da muke shiga da shi ɗaki mu rufe ƙofa lokacin hunturu, da hayaƙin itace da mata ke wuni a ciki da goyo a baya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta irinsa na janyo mutuwar mutum kimanin miliyan 3 a duniya kowace shekara. Funfunar da ta fi cancanta manomi ya ji tsoro kuwa tana cikin buhu: wadda ke kama gyaɗa da masarar da aka adana ba su gama bushewa ba, tana fitar da gubar afalatoksin mai lalata hanta. Ba su ambaci ko ɗaya ba, domin babu abin sayarwa a ciki.

Akwai wani haɗarin da ya fi asarar kuɗi. Sun ce wa gwaggo tarin da jikarta ke yi daga bango yake, in an yi feshi zai tafi. Da irin wannan magana ake zaunar da mai ciwo a gida har abu ya yi nisa. Duk tarin da ya kai mako biyu asibiti ake kai shi. Gwajin majina na tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da ke yin sa, maganin ma kyauta ne, ana kuma iya kiran 3340 don neman bayani. Mai asma likita ne zai duba shi, ba mai riga mai ƙyalli ba.

Iyayena mata, in sun yi sallama a ƙofarku, ba dole ba ne ku buɗe musu ɗaki. A ce su jira maigida ko babban ɗa. A tambaye su sunan ofishin da ya turo su da inda yake a cikin Gusau, a ce su zo tare da mai unguwa. Duba-gari na gaskiya ma'aikacin gwamnati ne, ana iya zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma a tabbatar da shi, kuma ba ya karɓar kuɗi a asusun kansa. Kamfanin feshi na gaskiya yana da rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da lasisin majalisar da ke kula da ma'aikatan tsabtar muhalli ta ƙasa, zai kuma nuna muku kwalbar abin da zai fesa da lambar NAFDAC a jiki. Kati mai hoto ba hujja ba ne, kowane shagon kwamfuta zai buga maka irinsa.

Waɗanda aka riga aka karɓe wa kuɗi, don Allah kada kunya ta sa ku yi shiru. Ku adana saƙon banki mai ɗauke da sunan asusun da aka tura wa, ku sanar da bankinku da wuri, ku kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa tare da mai unguwa. Mu mun kai namu. Limamai da masu unguwanni su taimaka da sanarwa bayan sallah, a kuma tura wannan saƙo ga 'yan'uwa na Kaura Namoda, Talata Mafara da Tsafe, domin damina ba ta ƙare ba, kuma masu irin wannan sana'a in gari ya gane su gaba suke yi.